Ɗakin Gwaji A Kulle, Hatsari A Buɗe

A makarantunmu da dama, daga kwaleji har lise, akwai wani ɗaki da aka rubuta wa "labo" a saman ƙofa, kwadon da ke jikinta kuma ya yi tsatsa. Inda ka tarar da shi a buɗe, to ko dai an mai da shi ma'ajiyar karyayyun tebura, ko kuma an zuba ɗalibai a ciki saboda ƙarancin azuzuwa. Idan ka nemi dalili, amsa biyu za a ba ka. Ta farko, babu kayan aiki. Ta biyu, wai wurin hatsari ne, yara za su ƙona kansu, gara su koya a bisa allo cikin kwanciyar hankali. Wannan amsa ta biyu ita nake so mu tsaya a kanta, ƴan uwa, domin kasala ce aka sa wa rigar tausayi.

Mu fara daga gida. Tun kafin zuwan boko, Bahaushe yana aiki da wuta da guba, kuma yana koya wa ƴaƴansa. Maƙeri ba ya korar ɗansa daga maƙera don tsoron tartsatsi. Yakan fara sa shi ɗauko gawayi, sannan ya zaunar da shi a bakin zugazugi, sai ya ga hankalinsa ya zauna kafin ya miƙa masa awartaki, guduma kuwa sai daga baya. A wannan zaman ne yaro zai gane cewa ƙarfen da ya daina ja bai daina zafi ba. Haka abin yake a marina, inda ake haɗa baba da toka a cikin karofi mai zurfin da zai iya haɗiye yaro, haka kuma a majema. Kowace sana'a tana da dokokin kiyaye kai, kuma da hannu ake koyon su, a gaban babba mai sa ido. Dokar da maƙeri yake koyarwa a kan ƙarfe ita ce malamin kimiyya yake koyarwa a kan gilashi: kwalbar da aka sauke daga wuta kamanninta ɗaya da mai sanyi. Kakanninmu sun san yadda ake kai yaro gaban wuta daki-daki. Mu masu takardun digiri mu ne muka ce ba zai yiwu ba.

Ba na musun cewa ɗakin gwaji yana da hatsari. A watan Janairun 2014, a wata makarantar sakandare ta birnin New York a Amurka, wata malama tana nuna wa ɗalibai yadda gishirori daban-daban suke canza launin harshen wuta. Sai ta ƙara sinadarin metanol kai tsaye daga babbar kwalba. Wuta ta bi tururin, ta koma cikin kwalbar, ta feso waje, ɗalibai biyu suka ƙone, ɗayansu ƙuna mai tsanani. Amma mu dubi abin da ya jawo shi: sananniyar doka aka taka, wadda ta hana kawo babbar kwalbar abu mai cin wuta kusa da wuta. Mu dubi kuma abin da masana a can suka ba da shawara. Ba su ce a rufe ɗakunan gwaji ba. Cewa suka yi a bar metanol a wannan gwaji, a jiƙa tsinkayen itace cikin ruwan gishirin, a kanga su a wuta, launin zai fito yadda ake so. Wanda ya yi tuntuɓe hanya yake gyarawa, ba ya rantsuwa a kan daina tafiya.

Yanzu tambayar ita ce: idan muka kulle ɗakin gwaji, ina hatsarin yake tafiya? Yana nan yana jiran yaron a waje, inda babu malami, babu tabarau, babu bokitin yashi. Yana jiran sa a garejin da ake zuba asid a batir. Wanda ya taɓa yin gwajin da hannunsa ya san asid ake tsiyayawa a hankali cikin ruwa, domin idan aka zuba ruwa a kan asid mai ƙarfi zafin da ke tashi zai sa ya fantsamo a fuska. Yana jiran sa a bayan gida, inda ake gauraya ruwan jabel da wani maganin wanki mai asid, iskar kulorin ta tashi ta shaƙe mai wankin. Yana jiran yarinya a madafa, ranar da mai zai kama da wuta a kasko ta watsa masa ruwa, alhali murfi ya kamata ta kife a kai. Yana jiran samarinmu a ramukan zinare na Jado da Komabangu da sauransu, inda ake kama zinare da zaiba sannan a ƙona ta, tururinta ya shiga huhu ya taɓa ƙwaƙwalwa. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga irin wannan a 2010, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe ɗaruruwan yara.

Ba mu manta da watan Mayun 2019 ba, da tankar mai ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, jama'a suka taru ɗibar fetur, ta fashe, mutane fiye da 50 suka rasu. Allah ya jiƙan su. Talauci ne ya kai su wurin, babu mai zargin su. Sai dai akwai ilimin da kowane ɗan kwaleji ya kamata ya gani da idonsa, ya kai gida: tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya yi nisa, tartsatsi ɗaya daga nesa ya ishe shi. Ana iya haddace wannan jimla a ci jarrabawa da ita a manta. Wanda malami ya nuna masa da ɗigo kaɗan, a bayan kariya, ba zai manta ba har ya tsufa. Gani ya kori ji.

Kuma da a ce tsoron wuta ne da gaske ya sa aka kulle ɗakunan nan, da ba mu ga ƙananan yara suna karatu a azuzuwan zana ba. A watan Afrilun 2021 gobara ta cinye irin waɗannan azuzuwa a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kimanin 20 suka rasu. A watan Nuwamban shekarar aka sake yin haka a Maraɗi, aka rasa fiye da 20. Wanda ya iya barin yaro a cikin zana lokacin iskar hunturu, ba shi da bakin da zai ce ya hana shi taɓa kwalbar gwaji don kare lafiyarsa.

Abin kunyar ma, ƙasar nan ta haifi mutumin da ya nuna hanya. Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, masanin kimiyyar fizik, wanda babbar jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin makamashin rana na ONERSOL shekaru masu yawa, inda aka ƙera na'urorin dumama ruwa da na girki da hasken rana a nan gida. A littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka ya soki makarantar mulkin mallaka da ta raba karatu da aiki. Muna kiran sunansa a wurin taro, ɗalibanmu kuwa suna zana maɓallin lantarki da alli. Ga yuraniyom a Arlit, ga matatar mai a Damagaram tun 2011, ga makarantar EMIG a Yamai tana jiran masu son aikin injiniya. Wa za mu tura musu? Yaron da ya kai ajin ƙarshe bai taɓa riƙe ma'aunin lantarki ba, bai san cewa wasu na'urori suna riƙe da caji ko bayan an zare su daga soket ba?

Sai a koma ga amsar farko, a ce babu kuɗi. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta kai yadda ake faɗa ba. Ruwan zoɓo yana bambance asid da kishiyarsa: matsa masa lemon tsami jansa ya ƙara haske, zuba masa ruwan kanwa ya juya zuwa kore-kore. Batir ɗin tocila, da guntun waya, da ƙaramin ƙwan fitila sun isa a koyar da zagayen lantarki. Madubi da ruwa a cikin faranti suna warware hasken rana zuwa launukansa. Tun shekarun 1990 hukumar UNESCO take yaɗa ƙananan akwatunan gwaji da ake aiki da ɗigo-ɗigon sinadari, kuɗinsu kaɗan, hatsarinsu kaɗan. Bokitin yashi, da ruwa mai tsabta na wanke ido, da taga a buɗe, da ƙofar da ke buɗewa ta waje ba su fi ƙarfin kowace makaranta ba. Tabarau na roba bai kai kuɗin kujerun da ake haya ranar bikin ba da kyaututtuka ba.

Don haka ga abin da ya kamata mu nema da babbar murya. A horar da malamin kimiyya da hannu tun yana makarantar horon malamai, domin malamin da bai taɓa kunna fitilar gwaji ba dole ya ji tsoron ta, tsoron nan kuma shi ne ainihin kwadon da ke ƙofar. A ɗauki ma'aikacin da zai kula da ɗakin, ya rubuta suna a jikin kowace kwalba, ya raba abin da ba ya zama da juna, ya nemi masana su kwashe tsofaffin sinadaran da suka shekara goma a cikin zafi, domin ɗakin da aka kulle aka manta shi ma tarko ne. A raba aji mai ɗalibai 80 zuwa rukuni-rukuni, kada a tura su gaba ɗaya. A ba aikin hannu maki mai nauyi, kamar yadda jarrabawar WAEC a Najeriya da Gana take da takardar gwaji, domin abin da ba a ba shi maki ba, ba a ba shi lokaci.

Ku kuma iyaye, a taronku na gaba ku nemi darakta ya buɗe muku ɗakin nan ku leƙa. Ku tambayi ƴaƴanku sau nawa suka shiga cikinsa a bana, da abin da suka taɓa da hannunsu. Idan amsar ta zamo ko sau ɗaya ba su shiga ba, kada ku yarda a ce muku don lafiyarsu aka yi haka.