Gobarar Daji A Anka, Gummi Da Bukkuyum

Da zarar hunturu ya kama, sai hayaƙi ya turnuƙe dazuzzukan Anka da Gummi da Bukkuyum. Galibi mafarauta ne ke cinna wutar don kamun gafiya, ita kuwa ta lashe kaɗanya da ɗorawa da abincin dabbobi.

Hana wuta ɗungurungum ba magani ba ne. A 1935 Amurka ta ɗauki manufar kashe kowace gobarar daji nan take, sai busassun itatuwa suka taru, gobarar baya ta fi muni.

Dabarar malaman daji ita ce ƙuna da wuri, ciyawa da sauran danshinta. Amma muddin 'yan bindiga na riƙe da dazuzzukan, wannan aiki ba zai yiwu ba.