Masu Keken Doki A Tsakiyar Amurka

A jihohin Pennsylvania, Ohio da Indiana na Amurka, ƙasar da ke yi wa duniya tallar "wayewa", akwai wasu Kiristoci da ake kira Amish, waɗanda har yau keken doki suke hawa. Ba talauci ya sa ba. Sun lura mota tana raba mutum da maƙwabtansa, sai suka ƙi mallakarta.

Kuma ba a fatar baki suka tsaya ba. A 1972 sai da maganar karatun 'ya'yansu ta kai Kotun Ƙoli, ta yarda yaro ya tsaya a aji takwas, ya koma koyon sana'a. Yawancinsu ba ruwansu da inshora. Rumbun wani ya ƙone, gayya ake yi a tayar masa. Kuɗin asibiti kuwa karo-karo. Da gona ta yi tsada, suka kama kafinta da gini, ɗa yana aiki kusa da ubansa.

Tsarin yana da ɗaci, domin wanda ya warware alkawari bayan baftisma ƙaurace masa ake yi, har wurin cin abinci. Amma duk da haka mafi yawan samarinsu, bayan sun ga rayuwar gari da idonsu, zama suke zaɓa. Adadinsu kan ninka cikin kimanin shekara 20.