Wanda Ya Binne Ɗa Ya Fi Mu Sanin Zafin

A 2007 harsashin roba na 'yan sandan kan iyakar Isra'ila ya kashe Abir, yarinya 'yar shekara 10, kusa da makarantarsu a Anata. Shekara 10 kafin nan, a 1997, 'yan ƙunar baƙin wake Falasɗinawa sun kashe wata yarinya Ba'isra'iliya, Smadar, a titin Ben Yehuda na birnin Ƙudus. Iyayensu maza, Bassam Aramin da Rami Elhanan, sun daɗe suna yawo tare suna ba da labarin 'ya'yansu, a ƙungiyar Parents Circle ta iyalan da aka kashe wa dangi daga ɓangarorin biyu.

Da na kawo zancen a majalisarmu ta Tudun Wada, wani dattijo ya ce, "Malam, ai Bassam ya sayar da jinin 'yarsa." Na girmama furfurarsa, amma ban yarda ba. Ba kuma don na raina abin da ake yi wa Gaza ba. Zalunci ne tsagwaronsa. Shi kansa Bassam bai daina neman haƙƙin Abir a kotu ba, Rami ma bai daina la'antar mamaya ba.

Mu mutanen Kaduna ne za mu yi mamakin wannan? A rikicin 1992 da ya taso daga Zangon Kataf, Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Sun haɗu a 1995 suka fara aikin sulhu tare, kowa da ƙulli a zuci. Wuye da bakinsa ya ce ya yi shekaru yana jin kamar ya danne Ashafa da matashin kai idan tafiya ta haɗa su ɗaki. Cikin abin da ya fara sanyaya shi har da dubiya: mahaifiyarsa na kwance asibiti, sai ga Ashafa ya zo gaishe ta.

Takarda kuwa mun gwada ta. Ranar 22 ga Agusta, 2002, zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi, malamai da limaman coci 22 suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna. Daga ina aka ɗauko samfurinta? Daga ta Iskandariyya, wadda malaman Musulmi, Kirista da Yahudawa suka ƙulla a Janairun shekarar domin rikicin Falasɗinu. Wata uku bai wuce ba da sa hannu a ta Kaduna, rikicin gasar sarauniyar kyau ya ɓarke.

Tun rikicin Shari'a na 2000 muka raba gari da kogi: mu Musulmi a Kawo da Tudun Wada, su Kiristoci a Sabon Tasha da Narayi. Kasuwa tana haɗa mu, ofis ma haka, amma zaman makoki ya daina. A da mahaifina yakan tsallaka gada ya yi wa abokin aikinsa na masaƙar Kakuri ta'aziyya, ya zauna a benci har la'asar. 'Ya'yana sun san sunayen unguwannin Gaza daga waya, amma ba su taɓa shiga gidan rasuwa a Sabon Tasha ba, kuma ba a taɓa gayyatarsu ba.