Tatsuniyar Japon da Tuddan Rairayin Gure

Masu iya magana sun ce kowa ya raina gajere bai taka kunama ba. Haka ma duk wanda ya ɗauki majigin zane a matsayin wasan yara zalla, bai ga Mononoke Hime ba, wato Gimbiya Mononoke, fim ɗin da Hayao Miyazaki na gidan Ghibli ya fito da shi a ƙasar Japon cikin 1997. A wannan shekara ya zarce duk finafinan da aka taɓa nunawa a can wajen samun kuɗi, kafin Titanic ya karɓe masa matsayin. Dattawa da magidanta sun cika gidajen silima domin kallonsa, kuma akwai dalili.

Labarin tatsuniya ne, irin wadda kowane Bahaushe ya saba da dodanninta da iskokinta. Wani saurayi mai suna Ashitaka ya kashe wani gadu da ya haukace, sai la'anarsa ta kama masa hannu. Da aka duba gawar, aka tarar da dunƙulen ƙarfe a cikinta. Saurayin ya yi yamma neman asalin ƙarfen, har ya isa wani gari na maƙera wanda wata mace, Eboshi, ke shugabanta. Mutanenta na sare daji domin narka tama, su kuwa dabbobin dajin, tare da San, yarinyar da kyarketai suka rena, sun ɗaura yaƙi da garin.

Abin da ke sosa zuciyar mai kallo shi ne Miyazaki ya ƙi ba shi mugun da zai tsana. Eboshi mai kashe daji ita ce ta fanshi mata daga gidajen karuwai ta ba su sana'a, ita ce ta karɓi kutaren da kowa ke gudu. San na da gaskiya, Eboshi ma na da tata. A ƙarshe ciyawa ta sake tsirowa, amma tsohon dajin bai dawo ba. Eboshi ta rasa hannu, ta ɗauki alkawarin sake gina garin bisa kyakkyawar hanya.

Wannan labari bai yi nisa da Gure ba. Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Damagaram zuwa Difa ya ga yadda tuddan rairayi ke matsar kwaruruka, inda dabino da goruba da kanwa ke ciyar da iyalai. Kowa na da wanda yake zargi: ma'aikaci na zargin mai saran itace, manomi na zargin makiyayi, makiyayi na zargin gonar da ta cinye burtali. Alhali mai jakin itacen da ake kamawa a bakin gari, tuwon ƴaƴansa yake nema, kuma itacen nasa a murhun gidan ma'aikacin yake ƙonewa. Gawayin da ɗan kasuwa ke lodawa ba daga sama ya faɗo ba.

Tarihin ƙasar nan ya riga ya yanke hukunci a kan wannan gardama. Tun 1975 ake bikin dashen itace kowace ranar 3 ga Agusta, kuma a 1984 aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada. Amma abin da ya mai da gonakin Maraɗi da kudancin Damagaram kore, har kimanin eka miliyan 12, wato hekta miliyan 5, shi ne lokacin da manomi ya fara renon tohon gawo a gonarsa yana da tabbacin cewa amfanin itacen nasa ne. Tara da kame ba su taɓa yin wannan aiki ba. Saboda haka ya kamata ma'aikatan gandun daji da magadan gari su zauna da masu sara da masu saye a matsayin abokan shawara, kafin a kafa shingen tsaida tudu ko a hana shiga wani fili.

Akwai kuma abin kunya. Nijar ce ƙasar Mustafa Alasan, ɗaya daga cikin magabatan majigin zane a Afirka, wanda tun 1966 ya yi wa shugabanni shaguɓe da kwaɗi cikin Bon voyage Sim. Ya rasu a 2015, kuma ƴan makaranta ƙalilan ne suka san sunansa. Labarin kwarin da rairayi ya binne, da na matar da ta ga dabinon kakanta ya nutse, sun isa fim. Ma'aikatar al'adu da attajiran Damagaram su ne ke da ikon ɗaukar nauyin matasan da za su zana shi, tun masu ba da labarin na raye.