Aikin Ofis Daga Gida: A Fara Sa Fayil A Kwamfuta Tukuna

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in faɗi albarkacin bakina a kan salon nan da gwamnatoci suka ɗauko, na cewa ma'aikaci ya zauna gida ya yi aikin ofis.

A watan Maris na 2020, lokacin cutar korona, Gwamnatin Tarayya ta ce ma'aikata daga mataki na 12 zuwa ƙasa su yi aiki daga gida. Wannan lalura ce, ba mai ja. To amma da cutar ta lafa sai abin ya zama maganin kowane ciwo. A Disambar 2021 jihar Kaduna ta ce ranar Juma'a ma'aikata su yi aiki daga gida, ban da na makarantu da asibitoci. Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, Kwara da Edo suka rage zuwa ofis ya koma kwana uku a mako. Legas ta bi sahu a 2024, sannan ta soke nata a 2025.

Ni ban ga laifin tausaya wa ma'aikaci ba. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta tashi ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, alhali mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 30,000 ne. Wanda zai shiga mota biyu kafin ya isa ofis, ina abin da zai rage masa na cefane? Tambayata ɗaya ce: da aka ce aiki daga gida, wane aikin ake yi?

Ɗan ƙanena da ke gyaran kwamfuta a birni ya nuna mini yadda abin yake, kuma ashe ba sabo ba ne. Tun shekarun 1990 ake yinsa a ƙasashen Turawa. Mutum zai bar kwamfutarsa ta ofis a kunne, an haɗa ta da layin tarho ta wata 'yar na'ura da ake kira modem. Aikin modem shi ne ta juya maganar kwamfuta ta koma ƙara irin wadda waya za ta iya ɗauka, a can ɗaya gefen wata modem ɗin ta sake mayar da ita yadda take. In ya koma gida sai ya sa tasa kwamfutar ta buga lambar ofis. Ta ofis ta amsa, ya ba da kalmar sirri, sai fuskar kwamfutar ofis ta bayyana a gabansa. Abin da ya danna a gida, can ofis yake dannuwa. Akwai wata manhaja da ta yi suna a wannan aiki, pcAnywhere. Gudun layin bai wuce kilobit 56 a daƙiƙa ba, hoto guda irin wanda wayar yanzu ke ɗauka sai ya ci mintoci kafin ya wuce, amma duk da haka aiki na tafiya, domin ba fayil ɗin ake ɗaukowa ba, hoton allo ne kawai ke zuwa, umarni ke komawa. Mu a nan ƙasar lokacin layukan NITEL gaba ɗaya ba su kai rabin miliyan ba, sai da wayar hannu ta zo a 2001 talaka ya san kira. Yau da intanet ake yi, da su TeamViewer da AnyDesk, har ta wayar hannu, amma dabarar ita ce dai ta da.

Da na gani sai na ce ai wannan huɗa da shanu ce. Na gida igiya ce kawai a hannunsa, shanun da garmar suna can ofis. To jama'a, in ba shanu a gona, me doguwar igiya za ta noma?

Nan gizo ke saƙar. Duk wanda ya taɓa shiga sakatariyar ƙaramar hukuma ko ofishin filaye ya san inda aiki yake. Yana cikin fayil na takarda, an ɗaure da zare, an jibge a kabad, masinja ne ya san inda kowanne ya kwana. Sa hannu da biro ake yi, hatimi kuma yana cikin durowar mutum ɗaya. Babu modem ɗin da za ta buɗe kabad. Inda ma akwai kwamfutar, sai tana kunne za a iya shigarta daga nesa, wato dole a samu wuta a ofis, a samu a gida, a samu sabis a tsakani, a kuma samu mai sayen data. Wa zai tayar da janareta ranar da ba kowa a ofis? Mun ga yadda a Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa suka yi sama da mako guda cikin duhu. Mun ga 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato saboda 'yan bindiga. A irin waɗannan kwanaki wa ya yi aiki daga gida?

Saboda haka a yawancin ofisoshinmu abin da ake kira aiki daga gida hutu ne, kuma mu na ƙauye mu ke biyan kuɗin hutun. Ni na taɓa barin gona ana tsakar shuka na tafi wani ofis karɓar takardar yarona, kuɗin mota zuwa da dawowa ya kai kuɗin tiya biyu ta masara. Mai gadi ya ce mini wai yau daga gida ake aiki. Na ce to a kira shi mana ya yi mini daga gidan. Dariya kawai ya yi. Kuɗin motar da aka rage wa ma'aikaci, ni aka ɗora wa, sau biyu ma, tunda sai da na sake komawa.

Sai kuma batun ɓarayi. Ƙofar da aka buɗe wa ma'aikaci ya shigo daga nesa, duk wanda ya samu kalmar sirrin zai bi ta. A Amurka, cikin Mayun 2021, wasu ɓarayi suka shiga kwamfutocin kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline da tsohuwar kalmar sirri guda ɗaya ta irin wannan ƙofa. Aka rufe bututun na kwanaki, aka yi layin mai a gidajen mai kamar a nan, kamfanin ya biya fansar sama da dala miliyan 4. In haka ta samu masu abin, ina ga ofishin da ake rubuta kalmar sirri a takarda a manna a jikin kwamfuta? Kuma 'yan'uwana 'yan kasuwa da masu POS, duk wanda ya bugo ya ce daga banki yake, ka sa wata manhaja a wayarka zai gyara maka asusu, igiyar yake nema ka miƙa masa. Kashe wayarka.

Kirana ga gwamnoninmu da shugabannin ƙananan hukumomi shi ne, kafin a sake cewa wani ya zauna gida, a fara shigar da fayilolin filaye da na fansho da na takardar shaidar ɗan ƙasa cikin kwamfuta, a sa wa ofis wutar sola. Duk ofishin da jama'a ke zuwa a bar mutum ɗaya mai ikon sa hannu kowace ranar aiki, su riƙa yin karɓa-karɓa, a kuma sanar a rediyo ranakun da ba a zuwa. Sannan tunda waya na iya kai ma'aikaci teburinsa daga ɗakinsa, a ba mu mu ma lambar da za mu buga daga ƙauye mu ji ko takardarmu ta fito kafin mu shiga mota.



Naku,
Wani manomi kuma ɗan tireda.