Jiki gida ɗaya ne

Jikin mutum kamar gandu yake: kowa da aikinsa, amma rumbu ɗaya. Ƙwayoyin halitta, waɗanda ido ba ya gani, su ke haɗuwa su zama tsoka ko jijiya. Tsoka da jijiya su gina zuciya. Zuciya kuma, tare da hanyoyin jini, ta kai jini ko'ina. Hanta tana sarrafa abin da muka haɗiye, ƙoda 2 suna tace jini su fitar da fitsari.

Don haka maganin ciwon baya ba a baya kaɗai yake tsayawa ba. In an yawaita shi, yana iya lalata ƙoda ko hanta. Ƴan uwa manoma, a ganina lokaci ya yi da za mu bar sayen magani a tebur. Mu tafi gidan likita.