Auratayya a Ƙetaren Kogin Kaduna

Duk wanda ya san Kakuri lokacin da masaƙun KTL da Arewa da UNTL ke aiki, ya san unguwar da Bahaushe da Bajju da Tibi da Bayarabe ke haya a gida ɗaya, 'ya'yansu su taso tare har a kai ga auratayya. Rikicin 2000 da na 2002 suka yanke wannan zumunci: Musulmi da yawa suka haura arewacin kogi, Kiristoci suka tattaru a Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi. Rufe masaƙun ya ƙarasa sauran. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, manya ba su taɓa fasa ƙulla surukuta da wasu ƙabilu ba. Murtala Muhammed Bayarabiya ya aura. Maryam Babangida, wadda mahaifinta ɗan Asaba ne, a nan Kakuri ta yi karatu, a makarantar da yanzu ake kira Queen Amina, kafin aurenta a 1969. Tsohuwar dabara ce ta masu mulki. Li Yuwan da ya kafa daular Tang a ƙasar Sin a shekara ta 618, mahaifiyarsa 'yar gidan Dugu ce daga ƙabilar Shiyanbei, matar ɗansa ma 'yar ƙabilar Shiyanbei ce. Sun san jika kan kashe gabar kakanni. Talaka ne aka bari da tsoro, har uba ya kori manemin 'yarsa mai tarbiyya, alhali addininsu ɗaya, don kawai yare ya bambanta. Iyayenmu, malamai da fastoci, don Allah ku binciki halin yaro da sana'arsa, ku bar yaran nan su yi aure.